Zare: Tudun da na gina a ramin bayan unguwarmu, da hannun Autanmu

1/
Jiya wani ya saka bidiyon yara suna zamiya a cikin tsagaggiyar jarka, ya rubuta a ƙasa wai "Olamfik ɗin talaka." An sha dariya, ni ma na yi. Amma da dare barci ya ƙi zuwa, don akwai wani bidiyo mai daƙiƙa 9 a wayata da ban taɓa nuna wa kowa ba tun 2022. Bari in ba ku labarinsa. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/
Ranar 14 ga Fabrairu 2022 malaman jami'a suka shiga yajin aiki. Muka tattaro komatsai muka dawo gida, a zatonmu sati huɗu ne. Wata takwas aka yi. Na dawo Daura ba karatu ba sana'a, sai cin tuwon Inna da neman inda zan yi cajin waya.

3/
A daidai lokacin ake gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Beijin. Ni da ko ƙanƙarar firij sai da rani nake nema. Ina kwance na ci karo da wani yaron China, Su Yiming, ɗan shekara 17. Ƙafafunsa biyu ɗaure a kan katako guda, ya gangaro daga wani dogon tudu na dusar ƙanƙara, ya tashi sama yana juyi kamar an murza katantanwa. Shi ya ci zinare.

4/
Juyin ya burge ni, amma abin da ke bayansa ne ya tsayar da ni. Ba duwatsu ba daji, manyan hasumiyoyin wata tsohuwar masana'antar ƙarfe ce, Shougang. Tudun gina shi aka yi. Dusar ƙanƙarar gasar ma kusan duka inji ne ya feso ta. Sai na ce to, ashe abin gini ne. In dai gini ne ai mu ma muna da ƙasa.

5/
Na shiga bincike kamar mai rubuta kundin digiri. Ashe wani uba ne a jihar Michigan ta Amurka, Sherman Poppen, ya haɗa katakon zamiya biyu wuri guda don 'ya'yansa mata su yi wasa a bayan gida, a 1965. Sai 1998 a Nagano ta Japan wasan ya shiga Olamfik.

6/
Na kuma ga labarin matan nan uku da suka wakilci Najeriya a 2018 a Koriya ta Kudu, a tseren keken ƙanƙara. Jagorarsu Seun Adigun da katako ta ƙera abin atisayensu na farko a Houston. Sannan a Namibiya da Peru a kan tudun yashi ake yin wannan zamiya ta tsaye, da katako mai fomeka a ƙasa. Yashi fa. Abin da muke sharewa kullum daga tsakar gida.

7/
Duk ɗan Daura ya san ramukan gefen gari, inda aka ɗebi ƙasar gini shekara da shekaru. Da damina kududdufi, da rani filin awaki da yara. Namu yana bayan unguwa in ka nufi hanyar Zango. Zurfinsa ya kai katangar gida biyu a ɗore. Iskar hunturu ta kwaso yashi ta jibge a gefe guda har ya zama gangare mai laushi, taku wajen 30 daga sama zuwa ƙasa.

8/
Yara sun riga ni gano wurin da shekaru. Jarkar mai ta lita 25, a tsaga ta biyu, a zauna ciki, a kama mariƙin, a sulalo. Ba wanda ya taɓa jin ciwon da ya wuce ƙujewa. Abin da ni na kawo biyu ne: tsayuwa a kan katako, da tashi sama. Na biyun shi ya jawo wannan zaren.

9/
Na je wurin kafintan unguwa. Na ce, "Malam, filawud nake so ka yanka min, tsawonsa daga ƙasa zuwa ƙirjina, ka liƙa masa fomeka a ciki." Ya dube ni ya ce, "Tebur ne marar ƙafa?" Muka jiƙa bakin da ruwan zafi, muka tokare shi, muka danne da bulo kwana uku har ya ɗan ɗaga kai. Maɗaurin ƙafa kuma robar cikin tayar babur ce.

10/
Darasi na farko: yashi yana riƙe katako. In ba ka goga wa fomekar kyandir ba, haka za ka tsaya a tsakiyar gangare kamar an dasa ka, yara suna wuce ka a jarka suna "Yaya a ba mu hanya." Kuma gogawa ɗaya gangarowa ɗaya ce ko biyu. Na sayi kyandir har mai shago ya tambaye ni ko wutar gidanmu aka yanke.

11/
Kwana biyu muka yi muna tsince gangaren da manjagara. Ƙarangiya, tsidau, fasassun kwalabe, ƙusa mai tsatsa, har tsohon bakin fartanya. Wannan aikin kam na yi shi da kyau, ina faɗa ne don kar ku ɗauka gaba ɗaya sakarai ne ni.

12/
Sai tudun tashi. Buhunan siminti shida cike da yashi, na jera su, na rufe da jar ƙasa, muka yayyafa ruwa muka tattake. Tsayinsa gwiwata. Yara suka sa masa suna Kongolam, wai don ba nisa, da ka tashi ka isa iyaka.

13/
Ku lura da inda na sa shi, don nan ne duk maganar take. A ƙarshen gangare na sa shi, daidai inda shimfiɗaɗɗen gindin ramin ya fara. Gindin nan busasshiyar laka ce, ta tsattsage, taurinta kamar daɓen siminti. A tunanina fili shi ne aminci. Wa zai so ya dira a kan gangare?

14/
Na hau Kongolam da kaina. Da na dira sai da haƙorana suka haɗu, na ji shi tun daga diddige har ƙeya. Jikina ya gaya min gaskiya ranar, na yi kunnen uwar shegu. Na ce rashin sabo ne.

15/
Da na kalli abin a waya sai raina ya ɓaci. A jiki ka ji kamar ka kai sama, a hoto kuwa kamar ka tsallake kwata. Ni kuma so nake in saka a nan ku ce kai, ɗan Daura ya yi abu. Na ƙara buhuna, na ƙara ƙasa, har tudun ya kawo min ƙugu. Yara suka ce wannan sai dai Jidda.

16/
Autanmu lokacin shekararsa 11. Duk inda na sa ƙafa nan yake sa tasa. Ranar wata Alhamis bayan la'asar na ce, "Auta, kai ne marar nauyi, zo ka fara, ni zan ɗauka." Ya kalli tudun ya ce, "Yaya, kai ba ka gwada ba fa." Na ce, "Tsoro kake ji?"

Kalma uku. Har yau ina jin su a bakina.

17/
Ya gangaro da kyau wallahi, gwiwa a lanƙwashe kamar yadda na koya masa. Tudun ya cilla shi sama, bakin katakon ya kalli gajimare, shi kuma ya tafi ta baya. Ya miƙa hannun dama don ya tare ƙasa. Ƙarar da na ji kamar an karya busasshen kara. Bai yi kuka nan take ba, kallona kawai ya yi.

18/
A baya na goyo shi har gida. Ni ne ɗan fari, tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "kai" ko "wannan." Ranar ta kira shi cikakke, sau ɗaya, a hankali. Da mari ta yi min da ya fi min sauƙi.

19/
Gardama ta tashi a tsakar gida. Kaka ta ce a kira mai ɗori, shi ya ɗora wa Baba ƙafa yana yaro kuma ga shi yana tafiya. Baba ya ce ba ya ja da ita, amma a fara ganin hoton ƙashi tukuna. Muka tafi asibiti. Ƙashin da ke dab da wuyan hannu ne ya karye. Aka ja, aka daidaita, aka sa filasta na sati shida. Ihun da ya yi lokacin jan, a waje nake amma na ji shi.

20/
Bayan isha Baba ya kira ni zaure.
"Kai ka gina?"
"Ni ne, Baba."
"Ka hau kafin ka sa shi?"
Na sunkuyar da kai. Ya daɗe bai ce komai ba, yana jan carbi.
"Gobe ka je ka rushe."

21/
Da sassafe na je na rushe, na farke buhunan na watsar. Na ɗauka magana ta ƙare. Kwana uku bayan nan ina wucewa na ji sowa daga ramin. Yara sun sake ginawa. Bulo biyu-biyu, an ɗora tsohon kwanon rufi a kai, bakinsa kamar reza. Ya fi nawa tsawo, kuma a daidai wurin da na nuna musu.

22/
Na kore su, na kwashe kwanon. Washegari suka dawo da murfin tsohon firij. Nan na gane an riga an gama, na koya musu abin da ba zan iya ƙwacewa ba. Kuma duk yaron da ya karye daga yau, ko ina Kano, a unguwa sunana za a kira, kuma da gaskiyarsu.

23/
Na je gaida mai unguwa na zayyana masa komai. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko za a sa a hana su shiga ramin?" Ya yi dariya ya ce shi ma a irin ramin nan ya girma, uban wa zai tsaya gadi? Ya ce, "Tunda kai ka fara, ka gyara musu yadda ba zai kashe kowa ba. Sharaɗina ɗaya, kafin ruwan farko ka baje komai." Baba da ya ji daga bakin mai unguwa ne, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

24/
Wanda ya buɗe min ido Kawu ne, ƙanen Inna. Direban babbar mota ne, shanu yake ɗauka daga kasuwar Mai'aduwa ta ranar Lahadi zuwa kudu. Ya zo dubiya, ya ce in kai shi ya ga wurin. Ya tsaya ya kalli tudun yaran, ya kalli busasshiyar lakar, ya ce, "Kai da karatunka? Saniya ma ba a diro da ita daga mota zuwa fili. Tudu ake jingina motar da shi ta gangara da ƙafarta."

25/
Daren nan na sake kallon bidiyon Su Yiming, wannan karon na bar kallon yaron na kalli ƙasa. Sai ga shi ƙuru-ƙuru. Wurin tashin ɗan ƙarami ne. Wurin saukar kuwa wani ƙaton gangare ne mai tsawo da faɗi. Kyamara tana bin mutum a sama, shi ya sa ido ba ya lura da inda aka zuba yawancin aikin.

26/
Hikimar a sauƙaƙe: in ka tashi sama ka dira a fili, daidai yake da ka faɗo daga inda ka ƙure a sama, duk nauyin a kan ƙashinka lokaci guda. In kuwa ƙasar tana gangarawa ta inda jikinka ya nufa, sai ta karɓe ka a hankali, ƙarfin ya tafi a gudu. Auta daga tsayin da ya wuce kansa na jefo shi kan daɓe. Wannan shi ne lissafin, ba wani tsautsayi.

27/
Akwai kuma kuskure na biyu. Bakin Jidda ya miƙe tsaye da yawa a ɗan gajeren wuri. Tudu irin wannan ƙafa yake fizgewa gaba ya bar kai a baya. Dole hawan ya zama doguwar lanƙwasa mai laushi, tsawonta ya ninka katakon, ta yadda duk katakon zai zauna a kai kafin ya bar ƙasa.

28/
Muka sake gini a ƙarshen Maris, ana saura kwanaki azumi. Wannan karon daga wurin sauka muka fara. Na mayar da tudun tsakiyar gangare, don ragowar gangaren ya zama masauki. Faɗin masaukin ya ninka na wurin tashi sau biyu, saboda yaro ba ya tafiya a miƙe kamar zaren magini.

29/
Gwaji kuma ba da ɗan kowa ba. Buhu muka cika da yashi daidai nauyin yaro, muka ɗaure a jarka muka sako daga sama. Inda ya faɗa mu zuba toka. Sau goma, daga wurare daban-daban. Tokar ta nuna mana daga ina masauki zai fara, ina zai ƙare, da kuma layin da ba a yarda kowa ya fara daga samansa ba.

30/
Tsakanin bakin tashi da farkon masauki ba mu bar rami ba, muka cike shi ya zama shimfiɗa kamar tebur. Wanda gudunsa bai kai ba sai ya sauka a kan teburin ya sulale, wanda ya ji tsoro ya bi ta kai ba tare da ya tashi ba. Ƙasa ta ci, buhu wajen 40, amma a duk aikin ba abin da ya kai shi amfani. Gindin ramin kuma muka farfasa lakar, muka zuba yashi da ƙaiƙayi.

31/
Matsalar da ta gagare ni ita ce bakin tudun. Busasshen yashi ba ya tsayuwa in gangarensa ya wuce digiri 30 da 'yan kai, zubewa yake. Jar ƙasar ma hawa goma ta rududduge. Ina ta ƙorafi a tsakar gida sai Kaka ta ce, "Ku yaran yanzu in ba siminti ba ku san komai ba. Daɓe ake yi."

32/
Tsohuwar nan da ta fi kowa faɗa ranar karayar, ita ta sa aka nemo makuba, ɓawon ɗorawa, aka jiƙa kwana biyu har ruwan ya yi ja. Ta sa aka zaro madaɓinta daga bayan rumbu. Aka kai mata tabarma inuwar bakin ramin tana ba da umarni: a zuba tsakuwa ƙanana, a yayyafa, a buga, a bari ya sha iska, a sake. Wai su da tsohuwar tasa suka yi tasu zamiyar. Bakin nan har muka baje shi bai tsage ba. Yashi kaɗan muke watsawa a kai don santsi.

33/
Ba duka ne ya yi ba. Na ga a bidiyo ana zamewa a kan dogon ƙarfe, na karɓo bututu wurin mai walda. Rana ɗaya ya yi a ramin, na taɓa shi da azahar na san ba na Daura ba ne. Bututun roba muka binne rabi a yashi. Tsofaffin tayoyin da muka jera a gefe kuma kunamu suka mayar gidan haya, muka kwashe.

34/
Tudu biyu muka tsaya a kai: sabon Kongolam, da na tsakiya da suka kira Damagaram. Jidda ba a sake ba. Dokoki kaɗan ne. Mutum ɗaya a gangare. Da safe ko bayan la'asar, don yashin rana gasa ƙafa yake. In za ka faɗi ka dunƙule hannu ka jawo shi jiki, domin ko a ƙasashen ƙanƙarar karayar wuyan hannu ce ta fi yawa ga masu koyo. Babbar doka: duk wanda ya ƙara ko buhu ɗaya, shi zai fara hawa.

35/
Na san wani zai ce haukan Turawa ne muka kwaso. To. A garin nan muke ganin yaro ɗan shekara 12 yana sukuwa a hawan Sallah ko na Gani, ba wanda ya ce hauka. Bambancin, wancan yaron akwai babban da ya fara riƙe masa linzami, kuma babban ya san doki. Ni na riƙe wa Auta waya.

36/
Duk wannan aikin Auta yana zaune a gefe, hannu rataye a wuya, shi ne alƙali. Cikin azumi aka cire filastar, hannun ya fito siriri kamar ba nasa ba. Bayan ƙaramar Sallah ya je da kansa ya roƙi Baba. Ban san me suka ce ba. Na dai ɗaga kai wata yamma na ga Baba tsaye a bakin ramin, hannu a baya.

37/
Ya daɗe yana kallon teburin da masaukin. Sai ya nuna ni da haɓa: "Kai fara." Na hau Damagaram sau uku a gabansa, na uku na sha ƙasa, yara suka kwashe da dariya. Sannan ya ce wa Auta ya je ƙaramin. Auta ya sauka lafiya. Baba ya juya ya tafi masallaci.

38/
Da hadari ya fara haɗuwa a watan Yuni muka cika alkawari. Yaran sun ji haushi, wani har da hawaye. Amma ku duba: gangaren da muka share, muka saba musu da shi, in ramin ya cika kai tsaye cikin ruwa yake kaiwa, ruwan da ya shanye babban mutum. Muka baje tudun, muka ja ƙaya muka toshe hanyar. Sati biyu bayan nan wurin ya zama tafki.

39/
Tun daga lokacin duk hunturu sai an sake ginawa, duk gabanin damina a baje. Yanzu Auta ne shugaban aikin, ni sai in na zo hutu. Na gan shi yana hana wani yaro ƙara buhu, yana ce masa ina tokarka.

40/
Hannun ya warke, yana rubutu da shi, yana ɗaukar jarkar ruwa. Sai dai ba ya lanƙwasuwa baya sosai, kuma in sanyi ya sauko yana masa tsami. In zai yi sujada sai ya ɗan karkata shi kafin ya dafa ƙasa. Shi ko a jikinsa. Ni da ke tsaye kusa da shi a sahu nake gani.

41/
Bidiyon kuwa ba zan saka ba, kar ma a tambaya. A daƙiƙa ta 6, yana sama, ana jin muryata ina dariya ina cewa "haka nake so." Na kasa gogewa.

42/
Abin da ya rage mana har yau shi ne kai. Hannu mun san dabararsa, kai kuwa ba mu da komai a kansa sai hular sanyi. Yara 14 ne ke zuwa yanzu, hular kwano biyu gare su, ɗaya ma ba maɗauri. In akwai wanda ke Daura, Sandamu, Zango ko Katsina da yake da tsohuwar hular kwano ta babur ko ta keke da ba ta tsage ba, musamman ƙanana, ya turo min saƙo. Zan zo in karɓa da kaina kafin a fara gini a watan Disamba.